Tsuntsun da Ya Rera Waƙa a Arfa

Idan aikin Hajji ya wuce, babu kowa a Arfa sai itatuwan darbejiya da masu ba su ruwa. Ma'aruf yana cikin masu wannan aiki. Haifaffen unguwar Utaibiyya ne a Makka, kakansa ne ya zo daga Katsina a ƙafa.

Wata rana dab da magariba, har sun shiga mota, abokin aikinsa Kabo ya tuna akwai famfo ɗaya da ba a rufe ba can cikin itatuwa.

"Yalla, ɗan'uwa, je ka rufe mu tafi," in ji Kabo. "Kada ka daɗe."

Ma'aruf ya bi tiyon ruwa ya nutsa cikin itatuwan. Zafi ya fara raguwa, lokacin zuwan wasu ƙananan tsuntsaye ne baƙi. Ya san su sarai. Ba su kai gwara girma ba, baya kore-kore, ƙirji rawaya-rawaya, da ɗan farin layi a saman ido kamar gira. Daga dazuzzukan ƙasashen sanyi suke tasowa, su ɗan huta suna tsintar ƙwari a bayan ganye, sannan su ƙetare teku zuwa Afirka. Bai taɓa jin sun yi waƙa a nan ba. Ɗan tsiwit kawai suke yi, su yi tsalle.

Yau kuwa wani daga cikinsu, a reshen da ke saitin fuskarsa, ya buɗe baki ya rera. Waƙa siririya mai gangarowa kamar ruwa a kan dutse. Ya tashi ya koma reshen gaba. Ma'aruf ya bi shi.

Bai san ya bar tiyon ba.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinsa. Yashi ya ƙare, ƙafarsa tana nutsewa cikin ruɓaɓɓen ganye. Itatuwan ba darbejiya ba ne, dogaye ne, farare, sun matse juna. Sanyi ya ratsa rigarsa.

Waƙar ta tsaya.

Ya ɗaga kai. Kowane reshe cike yake da tsuntsayen, babu mai motsi. Duk shi suke kallo.

"Yamma muka nufa," wata murya ta raɗa a bayan kunnensa, da Hausar tsofaffi. "Gidanku. Ka daɗe a hanya."

Ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Tsiwit ne ya fito.

Jikinsa ya yi sakayau. Dugadugansa suka bar ƙasa.

Ya wurga kansa ƙasa, yana lalube cikin ganye. Yatsunsa suka taɓa roba mai sanyi. Tiyo! Ya riƙe da hannu biyu, yana jan ciki, fukafukai suna dukan ƙeyarsa, wani abu yana jan rigarsa sama har ta yage.

Hannun Kabo ne ya damƙi wuyansa. Kabo yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. A gindin famfon ya same shi, mota tana nan kusa.

Bakin Ma'aruf bai buɗe ba sai bayan sallar Juma'a. Bai sake taka Arfa ba, ya koma sayar da shayi a unguwar Aziziyya.

Amma duk shekara, da zarar zafi ya fara raguwa, abinci ba ya shiga cikinsa. Sai ya tsaya a taga da yamma yana fuskantar hanyar Jidda, wajen mafaɗar rana, kafaɗunsa suna ɗan karkarwa. Matarsa Asiya takan kulle ƙofa, ta ɗaure makullin a gefen zaninta, ta zauna kusa da shi riƙe da hannunsa.