Takalman Baduku

Ƙafafuna suna cikin ƙwaryar ruwan ɗumi Gado ya yi sallama a ƙofar gidanmu.

Gado abokin saurayina Mani ne. Tare aka kwashe su zuwa aikin dole, na hanyar motar da Nasara ke yi wajen Dogon Dutsi. In Gado ya dawo, ai Mani ya dawo!

Ban ko goge ƙafa ba na leƙa ta danga.

Shi kaɗai ne, ya rame kamar kara.

"Baba," ya ce wa mahaifina, "sai haƙuri... Mani ya riga mu gidan gaskiya."

Ban yi kuka ba. Budurwa ba ta kukan saurayi a gaban ubanta. Na koma na mai da ƙafafuna cikin ƙwarya, ina kallon takalman Mani da ke gefena.

Tun ina ƙarama ni ke ja wa dabbobinmu ruwa a rijiyar fadamar Dumega. Ƙasar wurin kanwa ce. In yini cikin caɓi, in fito in taka rairayi mai zafi ba takalmi. Dugadugaina suka yi kaushi, suka tsattsage. Faso na hagu har jini yake yi. Nakan saki zane har ƙasa, ba na zuwa dandali, in na zauna sai in lanƙwashe ƙafa a ƙarƙashina.

Mani baduku ne daga Tibiri. Ya zo ɗinke mana guga, daga nan gugarmu ta koyi yagewa duk ranar kasuwa.

"Shatu, ba ni awon ƙafarki in yi miki takalmi."

"Ba ni da ƙafa."

"To da mi kika zo rijiya? Da fiffike?"

Ya tambaya har ya gaji. Wata rana na manta gammona, na dawo ɗauka, sai na same shi durƙushe a kan sawuna cikin laka, yana aunawa da karan gero.

Kunya ta kusa kashe ni.

"Sawunki ya faɗa mini abin da kike ɓoyewa," ya ce. "A kan yatsu kike taka ta hagu. Zauna in gani."

"Wallahi ba za ka gani ba!"

"Shatuna, fatar raƙumi nake jiƙawa ta yi laushi. Taki ce za ta gagare ni?"

Na zauna a gindin gawo, na rufe fuska da gyale, na miƙa ƙafa. Ina jira in ji ya yi tsaki. Sai na ji ruwa. Ya wanke, ya goge matacciyar fatar da dutse, ya zaro allura ya ɗinke bakin fason. Da allurar ta taɓa nama na kai masa shuri.

Kaltume ta gan mu. Ɗiyar kawunsa ce, ita danginsa suke so ya aura. Kafin kasuwa ta sake zagayowa, duk Tibiri an ji cewa Mani na neman kuturwa.

Mahaifiyarsa, Inna Hasiya, da kanta ta zo gidanmu, da mata biyu a bayanta.

"Ɗaga zanenki."

Na dubi uwata. Ta sunkuyar da kai.

Na ɗaga.

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Kai! Kamar tabki ya ƙafe."

Ban taɓa son ƙasa ta tsage in shige ba irin na wannan rana.

Mani yana daga waje ya ɗaga murya. "Inna, faso ne! Kanwa ce da rana. Kuturu ai ba ya jin zafi, ita kuwa da na sa allura ta kusa zubar mini da haƙori."

"Rufe mini baki, marar ta ido," in ji Inna. Ta juyo gare ni. "Na ba ki zuwa kaka. In ta warke, da hannuna zan sa miki lalle. In ba ta warke ba, Kaltume na nan."

Da za su tafi Mani ya tsai da ni a zaure.

"Ruwan ɗumi safe da yamma. Ki goge da dutse a hankali, ki busar har tsakanin yatsu, ki shafa man kaɗe. Kada ki sake taka caɓi ba takalmi."

"Ina na ga takalmi?"

Ya cire nasa ya tura mini.

"Sun yi mini yawa."

"Ki cusa tsumma. Naki na nan zuwa ranar kasuwa, amaryata."

"Kai fa?"

"Baduku ne zai rasa takalmi? Daga nan zuwa Tibiri ne kawai."

Bai isa Tibiri ba. A hanya dogarai masu tara mutanen aikin dole suka tare shi, suka haɗa shi da ayarin su Gado, yadda yake, ƙafa tsirara.

Ni kuwa na yi damina ina wanki da shafa. Fason ya haɗe, zaren ya fita, dugadugan suka yi sumul. Ina ta ƙirga ranar da Inna za ta gani.

Sauran labarin a bakin Gado na ji, da ya aika aka kira ni bayan gida. Tsakuwar marmara ce ta yanki Mani a tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da ɗaukar duwatsu. Wurin ya kumbura, ya ruɓa, zazzaɓi ya biyo.

"Ya ce in ba ki wannan."

Karan geron ne, awon ƙafata.

Ranar sadakar uku na ɗaura takalman a ka, na tafi Tibiri ba komai a ƙafata. Na tarar da gidan cike da mata, har da Kaltume. Na durƙusa gaban Inna Hasiya na ajiye su.

"Inna, nasa ne. Ni ya ba... da suna ƙafarsa..."

Ina jira ta la'ance ni.

Ta daɗe tana kallon takalman, da tsumman da na cusa a ciki.

"Ɗaga zanenki."

Na ɗaga.

Ta jawo ƙafar hagu ta ɗora a cinyarta, ta bi tabon ɗinkin da yatsa.

"Hannunsa ne," ta ce. "Tun yana yaro ƙanana yake ɗinki." Ta share ido. "Wa ya ce ki tako nan ba takalmi? So kike ki ɓata masa aiki? Kaltume, tashi ki kwaɓo lalle."

"Inna, a gidan makoki?"

"Alkawari na yi."

A tsakiyar masu ta'aziyya ta ƙunsa mini lalle, ƙafa biyu. Nan ne na yi kukana, ba wanda ya hana ni. Da lallen ya kama, ita ta sa mini takalman da hannunta.

Na yi aure daga baya, na haihu, na ga jikoki. Takalman sun daɗe da cinyewa. Amma kullum da safe, in na idar da salla, sai na ɗumama ruwa na jawo man kaɗe.

Da ta hagu nake farawa.