Ruwan Zafin da Mairo Ta Watsa

Gidan da Maikano ya saya a Sabon Garin Wudil tsohon gidan haihuwa ne na hukuma, tun zamanin En'e, inda ake kawo matan Darki da Indabo a kan jaki idan haihuwa ta yi gardama. Da aka gina sabon asibiti sai aka kwashe gadajen ƙarfen, aka bar ɗakuna huɗu a jere. Matarsa Mairo a nan aka yanke mata cibiya, don haka ba ta ga abin tsoro a wurin ba. Ɗakin ƙarshe ta tarar da shi ba ƙyaure, ta sa aka kafa masa, ta zuba buhunan gero ta kulle.

'Yarsu Rahinatu ta zo goyon ciki, wata tara cif. Mairo kuwa mace ce mai rawar jiki. Ta ɗora sabuwar tukunyar wankan jego don ta gwada ta, ruwa ya tafasa. Ana kiran sallar magariba ta kinkimo ta, sauri ya hana ta ko bisimillah, ta sheƙa ruwan a gindin bangon ɗakin ƙarshe.

Sai ta ji ƙarar jariri, sau ɗaya tak, daga inda tururin ke tashi. Gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi a akurki.

Sai aka fara jifan gidan, ba a ganin mai jifa. Dutsen farko a kan rufin kwano ya sauka. Na biyu ya fasa randa. Na uku ya sami Maikano a goshi yana alwala, jini ya wanke masa fuska. Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana, Mairo ta ƙi faɗa wa kowa abin da ta ji saboda tsoro da kunya. A rana ta huɗu Rahinatu ta miƙe daga tabarma ta shaƙo uwarta, tana gurnani da muryar da ba tata ba. Sai da maƙwabta biyu suka taru suka ɓanɓare ta.

Aka ɗauko Malam Yahuza daga Darki, tsoho ne da ya daɗe yana aikin cire aljanu. Ya zauna ya yi ta karatu har Rahinatu ta fara birgima tana ihu.

"Wace ce ke?" ya tambaya. "Me baiwar Allahn nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi min komai ba," in ji muryar. "Uwarta ce ta ƙona min ɗa. Tun Suwaiba ungozoma na aiki a nan ta bar mana ɗakin ƙarshe a buɗe. Matanku na haihuwa a ɗakuna uku, namu a ɗaya. Ku an gina muku sabo, mu wa ya gina mana? Wannan ta zo ta kulle, na haihu a gindin bango kamar akuya. Kwanansa biyu ta sheƙa masa tafasasshen ruwa."

Mairo ta sunkuyar da kai. Ta tuna mahaifiyarta na cewa Suwaiba ba ta taɓa kwantar da kowa a ɗakin nan ba, komai cikar wurin.

"Ya rasu?" in ji Malam.

"Yana numfashi, fatar bayansa ta saɓule. Na cikin nan zan ɗauka a madadinsa."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Rahinatu ta watsar da mazan da ke riƙe da ita, ta fizgo taɓarya daga jikin turmi, ta ɗaga ta saitin cikinta. Mairo ta yi kukan kura ta faɗa kanta, ta shimfiɗa hannun dama a kan cikin. Taɓarya ta sauka, ƙashi ya yi ƙara kamar busasshen kara. Ta sake sauka. Mairo ba ta janye ba.

"Ni na watsa ruwan," ta ce tana kuka. "Ga hannun nan. Don girman Allah ki bar min jikana."

Taɓaryar ta tsaya a sama. Idanun Rahinatu da suka yi jajur suka daɗe a kan karyayyen hannun.

"Ke ma uwa ce," in ji Malam a hankali. "Wanda ke cikin nan bai ji ba bai gani ba. Faɗi abin da zai raba mu lafiya, amma ban da rai."

"A cire ƙyauren," in ji muryar, ta yi sanyi. "Kada a sake mayar da shi."

Aka cire ƙyauren, Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba. Rahinatu ta yi atishawa sau uku, ta sulale ƙasa tana kiran Inna.

Bayan kwana biyar ta haifi namiji a sabon asibiti. Hannun Mairo ya warke a karkace, ko moɗa ba ya ɗagawa, wankan jegon da ta yi ta rawar jiki a kansa maƙwabciya ce ta yi. Amma ba hannun ne ya fi damunta ba. Kullum da yamma takan share ɗakin ƙarshe da hagu, ta shimfiɗa tabarma, ta tsaya a bakin ƙofa tana kasa kunne.

Ranar da jikanta ya cika kwana arba'in, da magariba, yana barci a bayanta, ta ji kukan jariri daga ɗakin. Kuka ne mai ƙarfi, irin na yaron da ke neman nono. Mairo ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, tana ta maimaita alhamdu lillahi.