Madarar Mai Feshi

Ranar Litinin da hantsi aka tsinci Dogo mai feshi kwance a ƙofar ɗakinsa, yawu na dalala, ƙafafu na karkarwa, kofin shayi a kife gefensa. Kafin a kai shi asibiti, wansa ya riga ya ja matar Dogon zuwa caji ofis yana ihu: "Ita ta sa masa magani!"

Sufeto mace ce gajera mai saurin hawa, kuma ta tsani a kawo mata mai laifi kafin ta ga laifin. Ta zaunar da matar.

"Me kika ba shi?"

"Shayi, ranki ya daɗe. Tare muka sha, har da yara."

"Yau ciwon ya fara?"

"Ina! Shekara uku ke nan hannunsa na rawa. Maɓallin riga ma ni ke sa masa. Jiya ya tsaya yana tambayar 'yarmu sunanta. Na ce mu je asibiti, Yaya ya ce iska ce."

Yayan, wanda shi ne shugaban masu feshi a kamfanin ajiyar hatsin da Dogo ke aiki, ya buga tebur. "Ƙarya take! Ni na raine shi, ni na sama masa aiki. Kullum ya sauke tankin feshi sai na miƙa masa madarar gwangwani da hannuna."

Sufeto ta rubuta kalma ɗaya a takarda: madara. Ta sa aka tsare matar, ranta bai so ba.

A asibiti likita bai yi kwana-kwana ba. "Maganin ƙwari ne, amma ba na kofi ɗaya ba. Shayin lafiyarsa ƙalau. Ta fata da hanci gubar ta riƙa shiga, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har ta ci jijiyoyinsa."

"Madara na karya ta?" in ji Sufeto.

"Tatsuniyar masu feshi ce. Ba ta wanke komai."

To, matar ta fita. Saura kamfani.

Sufeto ta tarar da mutum huɗu suna feshi cikin rumbu a rufe, hannu tsirara, kowa da tsumma ɗaure a hanci. Wari kamar ya fasa kai. Ɗayansu ya zo gaishe ta, bututun feshin na rawa a hannunsa. Ranta ya ɓaci, ta nufi mai kula da sito.

"Kai ke riƙe kayan kariyarsu?"

"Wallahi ba sa kwana a wurina. Takunkumi, safar hannu, rigar roba, duk wata uku ake kawowa, ranar shugabansu ke kwashewa."

Ta yi zaton kare kansa yake, sai da ta tsallaka titi zuwa shagon kayan noma. Ga rigunan roba a rataye, hatimin kamfanin a wuyansu, an ɗan kankare shi da reza. Da mai shagon ya ga ankwa, bakinsa ya buɗe kamar famfo. Ya faɗi mai kawo masa.

Ta koma ta buɗe ofishin shugaban masu feshi. Bayan ƙofa akwai takunkumi ɗaya a rataye, igiyarsa ta yi baƙi saboda amfani. Ƙarƙashin tebur kuwa katan ɗin madara ne.

Da yamma ta jera kayan gaban Yayan a caji ofis.

"Wannan takunkumin na wa?"

"Nawa ne."

"Me ya sa kai ba ka shan madarar ka shiga haka?"

Ya kau da kai daga katan ɗin madarar.

"Bakinka ya kama ka," in ji ta. "Ba wanda ya tambaye ka madara, kai ka faɗa. Ba a ba mutum makari sai an san yana shaƙar guba. Kuma ka san makarin na ƙarya ne, shi ya sa ka rufe hancinka, ka sayar da nasu. Da hannunsa ya fara rawa ka ce iska ce, don kada likita ya gani. Da ya faɗi, ka nemi wadda za ka rataya wa. Ɗan uwanka, uwa ɗaya uba ɗaya! Tir da halinka."

"Kowa haka yake yi, ranki ya daɗe…"

"Ku shige da shi kafin in manta da kakin da ke jikina."

Ita da kanta ta kai matar asibiti. A baranda likita ya faɗa musu gaskiya: zai rayu, amma rawar hannun da mantuwar sun zauna ke nan, kuma a kawo sauran huɗun gobe-goben nan.

Dogo ya farka. Matar ta riƙe hannunsa da nata biyu, duk da haka bai daina rawa ba. Ya daɗe yana kallonta kafin ya gane ta, sannan ya leƙa bayanta wajen ƙofa.

"Ina Yaya?" in ji shi. "Yau bai kawo min madarata ba."