Littafin Alimatu

Ranar Asabar, biyu ga Fabrairu, aka ba Munawara sunan yarinyar da ta mutu. Ba wanda ya gaya mata.

Makarantar tana bayan tsofaffin rijiyoyin Salaga, ta waɗanda suka bar sakandare ce: masu goyo, masu dakon doya, waɗanda jarrabawa ta kayar. Duk Asabar ɗaliban kwaleji kan zo, a haɗa kowa da ɗalibi ɗaya da littafi ɗaya. Ka rubuta, ya amsa kafin wani mako.

Munawara 'yar Bawku ce, sabuwar zuwa. Zulkarnain, ɗan Yendi, ya riga ta da shekara, ya san al'adar wurin: ba a goge sunan mamaci sai 'yan ajinsa sun yi jarrabawa. In aka kira "Alimatu Inusah," aji duka ke amsawa. Kujerarta kullum a goge.

"Ina 'yata?" in ji Munawara.

"Madam, tana nan," suka ce, ba su ɗago ba.

Ta rubuta, ta bar littafin a kujerar. Zulkarnain ya ɗauka, ya amsa da hannun hagu. Ya ce wa kansa tausayi ne. Maza ba sa rasa suna mai kyau.

A mako na shida ya rubuta: "Madam, Masta Zulkarnain yana kallonki in kin juya."

Ta nuna masa tana dariya. "Dogo, da gaske ne?"

"Yara ba sa ƙarya, Muna."

Mma, mai koko a bakin ƙofa, ta ji Munawara ta ambaci sunan Alimatu, ta ajiye ludayi. "'Yata ce. Tun damina muka binne ta."

Nan Munawara ta gane mai amsa mata. Saƙonta ga Zulkarnain gajere ne: "Ka ari sunan matacciya ka yi zance da ni. Kada ka sake kirana."

Duk da haka ya tura kawunnansa Bawku neman aurenta. Mahaifinta, Alhaji Issahaku, ko goron bai taɓa ba. "Ya shiga sunan gawa, sannan ya shigo gidana? Ku kwashe."

Asabar ta ƙarshe Munawara ta koma don ta ba Mma littafin. Hedimasta ya buɗe kabad ɗin da aka kulle littafin. Rana tsaka, aji ba kowa, kujerar nan a goge. A shafin ƙarshe akwai sabon rubutu:

"Madam, ban ji haushi ba. Kullum amsa mini ake yi, shi kaɗai ya bar ni na yi magana. Ki aure shi."

Ta karanta wa Mma. Tsohuwar ta gyaɗa kai. "Haka take magana," ta ce. Ita ta hau mota har Bawku, kuma Alhaji bai iya musa wa uwar mamaciya ba.

Munawara ta kira shi. "Dogo, har yanzu ba ka tuba ba?"

"Muna, ni..."

"Yi shiru. Wannan karon ka iya rubutu."

An ɗaura aure bayan Babbar Sallah. 'Yan ajin suka zo, suka bar kujera ɗaya. Mma ta dafa kawunan ango da amarya: "Allah ya sa ku tsufa tare."

Shekara goma sha ɗaya aka ba su. Duk faɗan da suka yi, da wasiƙar nan take tsokanarsa har su shirya. Ya ce wa kansa sai sun tsufa zai faɗa mata gaskiya. Zazzaɓin kwana biyu ya riga shi, ya ɗauke ta.

Makon da aka rubuta wasiƙar yana Yendi, makullin kabad yana hannun hedimasta. Ba shi ya rubuta ba.