Har A Gama Yankan Ciyawa

A jirgin ruwan tafkin Koman Mirjeta ta fara ganinsa, ya rungume ƙarfen gefe yana ta kelaya amai. Da yake ma'aikaciyar jinya ce sai ta miƙa masa ruwa, tana yi masa tsiya wai ƙato guda ruwa ya fi ƙarfinsa. Ya ce sunansa Ilir, a Jamus ya girma, kabarin kakarsa ya zo gani. Kafin a hango gaɓa sun yi musayar lamba, zuciyarta kuwa ta riga ta yi gaban kanta.

Da ya faɗi sunan ƙauyensu da na mahaifinsa, sai jikinta ya yi sanyi. Baffansa ne ya harbe ƙanin mahaifinta a kan rabon ruwan gona, ya bar shi kwance cikin laka. Ba a rama jinin ba, kuma Agron, ɗan mamacin, da wannan magana aka yaye shi.

"Kada ka sauka," ta ce. "Ka koma da jirgin nan."

Ya koma ɗin, amma so ba ya jin kora. Kullum sai saƙonsa ya shigo.

"Haskena, yaushe zan zo? Ko dusar ƙanƙara ta rufe dutse zan tako."

"Ɗan Jamus, kwantar da hankalinka. Da hunturu babu hanya, a Agusta kuwa kowa na gida da bindigarsa saboda bukukuwa. Bari dattawa su roƙa maka besa, alkawarin ajiye bindiga na ɗan lokaci."

Ranar da ta sanar da mahaifinta, Ramiz, soyayyarsu, ya maka kofin gahawa a bango, ya rantse gara ya binne ta. Ta yi kuka har ta gode wa Allah. Duk da haka dattawa suka yi ta safa da marwa, har Agron ya ba da besa: ba zai ɗaga bindiga ba har a gama yankan ciyawa.

Ilir, mutumin kalanda, ya tambayi tsohuwarsa, ta ce ai ciyawa sai ƙarshen Yuli. Ya yanki tikiti abinsa. Ya manta ciyawa ba ta san kalanda ba. Shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, aka yi gaggawar yanka, ranar da ya taso aka ɗaure damin ƙarshe.

"Kada ka zo, rabin raina. An gama ciyawa, besa ta ƙare."

Saƙon Mirjeta bai shiga ba. Yana cikin jirgi tsakanin duwatsu, inda waya ba ta kamawa.

Tana gangarowa gaɓa da gudu ta hango shi ya sauko, yana ɗaga mata hannu yana dariya. Ƙarar bindiga ta karaɗe kwarin. Harsashi ya shige shi a kafaɗa, ya juya ya kifa a kan tsakuwa, farar rigarsa ta rine. Mutane suka watse. Agron ya fito daga bayan wata mota yana sake saiti.

Mirjeta ta faɗa kan Ilir, ta danne raunin da gyalenta, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunta.

"Kauce, Mirjeta."

"Harba mana, Yaya. Gobe a ce ɗan gidanmu ya harbi namiji yana tare da mace."

Kowa ya san ba a yin haka a duwatsun nan. Agron ya sauke bakin bindigar. Mirjeta ta saɓa Ilir cikin motar wani mai kayan miya, ta ce gidan mahaifinta za a nufa, don ta san a asibiti babu mai tsare masa rai. Ta ja shi ta tsallakar da shi dokin ƙofa, ta zube a gaban mahaifinta.

Ramiz ya daɗe yana kallon jinin da ke malala a daɓensa. Yana ƙin yaron nan har cikin ransa, amma wanda ya shigo gidanka ya zama amanarka. Ya sa a kira likita, ya fita ya tare ƙofa.

"Baffa, jinin ubana fa?" in ji Agron, da ya biyo sawunsu da bindiga.

"Ƙanina ne kafin ya zama ubanka. Ga jini nan ka zubar. In bai ishe ka ba, fara da ni."

Agron ya buga bindigar da dutse har ta tsage, ya durƙusa yana kuka.

Da kaka aka yi sulhu a masallaci, aka ɗaura aure a zama guda. Hannun Ilir na hagu bai ƙara ɗaguwa ba. Da aka kai amarya, aka nemi wadda za ta riƙe kwanon zumar da amaryar za ta shafa a ƙofa bisa al'ada, sai ga mahaifiyar Agron ta ratso mutane cikin baƙaƙen kayanta na takaba. Ta karɓi kwanon, ta kama yatsun Mirjeta ta tsoma da kanta.

"Allah ya ba ku 'ya'ya maza," ta ce, "su yi yawo a gari ba mai rakiya, ba tsoron bindiga."