Hoton da Ya Danne Tambarin Shago

Ranar da ya fara shiga shagon wanke hotuna na mahaifinta, kwamfuta a hammata, ita ya tarar zaune a bayan kantar shagon. Tana ɗago ido sallamarsa ta maƙale.

"Kai ne Injiniyan da Baba ya kira?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Sai dai na manta abin da ya kawo ni."

Aikinsa shi ne haɗa shafin intanet da mutane za su riƙa turo hotuna daga waya, saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta karɓa ta ajiye, a wanke musu. Haɗa shafin ya ci sati uku. Soyayyar kuwa ko sati ba ta ɓata ba.

Baba bai so ba. Ya ce danne-dannen kwamfuta ba sana'ar riƙe iyali ba ce, ga Dogo nan, ɗan ƙanwarsa mai kula da injin wanki, ya daɗe yana sonta.

Injiniya kuwa ya yi sakaci ɗaya. Duk fayil ɗin da aka turo, saba tana ajiye shi da sunan da ya zo da shi, a folda ɗaya da tambarin shagon. In sabo ya zo da sunan tsoho, sai ya danne shi.

Wata safiya aka buɗe shafin, a gurbin tambari sai ga fuskarta an ɗora a jikin wata mace tsirara.

Yayanta mai walda bai tsaya tambaya ba. A bakin shago ya tare Injiniya, ya shaƙe shi, ya gwara kansa da ƙofar ƙarfe. Ya fizge kwamfutar ya maka masa a fuska, hanci ya fashe, jini ya wanke rigarsa. Da ya faɗi, Yaya ya taka hannunsa har ƙashi ya yi ƙara. Tana tsaye tana kuka, kuma ba ta hana ba.

"Kai kaɗai ke da makullin saba," ta ce. "Kada ka ƙara nemana."

Daga gadon asibiti ya turo saƙo da hannun hagu:

"Hasken idona, na yi sakaci, amma ban ci amanarki ba. Ki shiga shafin mai shago, ki buɗe rajista. Duk wanda ya turo fayil, akwai asusunsa da lokacin."

Ta buɗe. Asusun Dogo ne, ya sa wa hoton sunan tambari.

Baba da kansa ya kifa wa Dogo mari har ya faɗa kan injin. Yaya ya ɗauko sandar ƙarfe, ita ta sha gabansa.

"Jinin ya isa haka, Yaya! Na jiya ma har yau bai fita a ƙofa ba."

A asibiti suka sami Injiniya yana gyara aikin a kwamfutar aro: yanzu saba ce ke raɗa wa kowane fayil sabon suna, ta duba cikinsa, ta ajiye shi nesa da shafin.

"Mun karya ka, kuma kana mana aiki?" in ji Baba.

"Mutuncinta ne a ciki, Baba."

Ta durƙusa gefen gadon tana hawaye. "Ka yafe min, masoyina."

"Ni ma ki yafe min."

Baba ya dafa kansa. "Ka turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure hannun ango na cikin filasta. Yaya ne ya sa masa babbar riga, ya gyara masa hula, ya kasa haɗa ido da shi. Baba ya riƙe hannun da aka karya a hankali.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa wannan ne ciwo na ƙarshe da za ka ji daga gidana."