Kunun Juma'ar Hajiya Turai

Ranar da aka jawo Turai zuwa ƙofar gidan mai gari, ko takalmi babu a ƙafarta, ga ludayin kunu a hannunta ta ma manta tana riƙe da shi. Mata na biye da ita da tofin Allah tsine, yara na jifa, 'yarta Zahara'u mai shekara shida ta ƙanƙame mata zane tana ihu. Wayyo duniya! Duk wanda ya san Hajiya Turai daga baya, mai manyan motocin hatsi a Birnin Kudu, uwar marayu, shugabar matan kasuwa, zai rantse ba ita ba ce wannan da ke durƙushe cikin rana. To wallahi ita ce, kuma yau da muke tunawa da ita, daga nan ya kamata a fara.

A wani ƙauye ne na ƙasar Fagam, cikin bazarar da ta biyo bayan babban farin nan na saba'in da uku. Mijinta Salihu ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar ta da 'ya ɗaya da ɗan awon hatsi a bakin kasuwa. Tana da wata ɗabi'a da ko yunwa ba ta raba ta da ita ba: duk Juma'a sai ta dama kunu ta raba wa yaran unguwa sadaka ga mamacinta, kuma ba ta zuba wa 'yarta sai ɗan kowa ya samu. A shekarar nan malaman gona suka kawo irin dawa da aka cakuɗa da jan magani saboda ƙwari, na shuka ne kawai, ba a ci. Barau, yayan marigayi Salihu, shi aka danƙa wa rabon. Mutumin kirkin sai ya karkatar da buhu uku, ya wanke jan, ya shanya a bayan danga, ya ajiye yana jiran hatsi ya ƙara tsada. Da dangi suka dame shi da maganar haƙƙin marainiya a gonar ubanta, sai ya ɗebi tiya biyar daga ciki ya aika wa Turai. Baiwar Allah har da hawayen godiya ta yi!

Juma'ar nan yara goma sha ɗaya suka sha kunun, tukunya ta ƙare Zahara'u ba ta samu ko cokali ba. Kafin la'asar amai da shiɗewa sun cika unguwa, kafin magariba Ɗan'auta, tilon ɗan maƙwabciyarta Indo, ya cika.

"Ranka ya daɗe, wallahi tallahi ban zuba komai ba," in ji Turai. "Dawar da Yaya Barau ya aiko mini ce na surfa..."

"Ni?" Barau ya dafe ƙirji. "Jama'a ku ji sharri! Ni dawar gonata na ba ta, wadda iyalina ke ci kullum. Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya za a yi mata: me ya sa 'yarta kaɗai ba ta sha ba?"

Nan take wuri ya kaure. Indo ta faɗi tana birgima tana kiran sunan ɗanta. Duk mutanen da suka san Turai na zuba wa 'yarta a ƙarshe, a ranar babu wanda ya tuna. Da yake babu shaida, mai gari bai tura ta gaban alƙali ba, amma ya ce ta bar garin kafin jama'a su ɗauki doka a hannunsu, yarinya kuwa ta zauna wurin dangin ubanta. Barau da kansa ya ɓamɓare yatsun Zahara'u ɗaya bayan ɗaya daga zanen uwarta.

"Inna, kar ki tafi ki bar ni! Inna, na yafe kunun, ba zan ƙara tambaya ba!"

Wannan kukan shi ya raka Turai har Birnin Kudu, rabi a ƙafa, rabi a bayan motar itace. Ta zaci can ba a san ta ba, ashe labari ya riga ta sauka a bakin 'yan kasuwa. Ta soya ƙosai, ya huce a faranti babu mai saye. Ta shiga aikatau wani gida, kwana biyu aka watso mata kayanta, aka wanke turmin da ta taɓa har sau uku a gabanta. Ta aika wa 'yarta ɗan zane ta hannun wani direba, aka dawo da shi a yage. Sai wata tsohuwa, Inna Batulu mai tuwo a bakin asibiti, ta ba ta wanke-wanke da tabarmar kwana. "'Yar nan, ni ban ga idon mai kisa a fuskarki ba," in ji ta. "Yi ta gaya wa Allah." Turai kuwa ta gaya masa! Ba ta roƙi dukiya ba, ba ta roƙi a saka mata ba, kullum addu'arta ɗaya ce, Allah ya wanke ta ta karɓo 'yarta. Ta rame har zobenta ya faɗa cikin ruwan wanke-wanke ba ta sani ba.

Wata huɗu ana haka, damina ta yi nisa, rumbuna sun koma fayau. Wata Talata da hantsi sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofar asibiti, ana ta sauke mutane a galabaice. Turai ta ɗaga kai... ta saki kwanon da ke hannunta. Iyalan Barau ne! Ashe shi Barau ya tafi cin kasuwa kwana biyu, tsabar gida ta ƙare, matarsa Ma'u ta laluba ɗakin da ya hana kowa shiga, ta sami buhunan dawa, ta tuƙa wa gida tuwo. Can ƙuryar motar ga wata 'yar ƙaramar halitta duk ƙashi, kanta ya cuɗe. Turai ta haye motar ba ta san ta hau ba.

"Zahara'u! Zahara'u, Innarki ce, buɗe ido!"

Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar. Ƙanzon tukunya kawai ta samu, kamar yadda aka saba ba ta a gidan, shi ya sa abin bai ci ƙarfinta ba. Amma Hadi, babban ɗan Barau, wanda aka cika wa kwano, ko azahar bai kai ba. Da Barau ya iso a guje, Ma'u ta taso daga gado da ƙarin ruwa a hannunta, ta cakumi rigarsa a gaban likita, da mai gari da ya biyo motar, da duk wanda ke wurin.

"Wace dawa ce ka ɓoye, Malam? Ashe jan da na gani a ɗinkin buhun magani ne! Ita ka ba Turai, ko? Ka kashe ɗan Indo, yau ka kashe naka!"

Barau ya zube kan gawar ɗansa yana dukan kansa, yana faɗin abin da ya yi tun ba a tambaye shi ba. Daga nan 'yan sanda suka wuce da shi, ya yi shekara tara a gidan yari, ya fito babu gona babu iyali. Mai gari, dattijo mai furfura, ya tsaya gaban mai wanke-wanke hawaye na bin gemunsa. "Mun zalunce ki, Turai. Ga 'yarki nan, babu mai sake raba ku."

Daga ɗan jarin da Inna Batulu ta haɗa mata Allah ya buɗa. Kafin shekara goma hatsinta na zuwa Kano mota-mota, ta sauke farali, ta haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Gwaram, ta aurar da marayun da ita ma ba ta san adadinsu ba. Duk lokacin rabon iri da kanta take bin ƙauyuka tana roƙon mata kada su dafa shi. Amma Zahara'u ta ce ba ta taɓa ganin uwarta ta yi kuka irin na Juma'ar farko da suka koma ƙauye ba. Ta dama kunu ta fito da shi ƙofar gida, yara suka yi cirko-cirko daga nesa, babu mai matsowa. Sai ga Indo ta ratso su da ƙoƙo a hannu, ta durƙusa.

"Zuba mini, Turai. Ni zan fara sha... ki yafe mini don Allah."

Turai ta zuba mata. Indo ta shanye tas, suka rungume juna suna kukan Ɗan'auta tare, sannan yaran suka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya jiƙan Hajiya Turai, ya sa haƙurinta ya bi ta.